Albashin Mata a Matsayin Shaidar Hali: Nazarin Muhawarar Zaɓen Shugaban Ƙasa a Amurka, 2008 zuwa 2024

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin yadda batun tazarar albashi tsakanin maza da mata ya riƙa shigowa muhawarar zaɓen shugaban ƙasa a Amurka daga 2008 zuwa 2024. An dogara da kalaman 'yan takara, ƙuri'un Majalisar Dattawa, da binciken masana tattalin arziki. Da'awar takardar ita ce manyan jam'iyyun ƙasar biyu sun mayar da alƙaluman albashi shaidar da ake kira don a wanke ɗan takara ko a ɓata shi, alhali shi kansa halin, magoya baya kan auna shi ne gwargwadon jam'iyyar mai shi. Wannan ya sa ainihin abin da ke haifar da tazarar a yau, wato haihuwa da tsarin lokutan aiki, bai cika samun gurbi a dandalin kamfe ba.

1.0 Gabatarwa

A ranar 10 ga Yuni, 1963, Shugaba John F. Kennedy ya sa hannu a dokar da ta haramta biyan mace ƙasa da namiji a kan aiki iri ɗaya. A lokacin, abin da mace mai aikin cikakken lokaci ke samu bai wuce senti 59 ba a kan kowace dala ɗaya ta namiji. Shekara guda bayan haka dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta ƙara hana nuna bambancin jinsi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Ke nan tun sama da shekara sittin da suka wuce babu ɗan takarar kirki da zai fito fili ya ce a biya mata ƙasa da maza. To a kan me ake jayayya duk zaɓe? Wannan ita ce tambayar da takardar ta sa a gaba.

2.0 Abin da alƙaluman suke faɗa

Adadin da 'yan siyasa suka fi ambato daga Hukumar Ƙidaya ta Amurka yake fitowa. Yadda ake samo shi ba wani abu ne mai wuya ba. A jera duk matan da suka yi aikin cikakken lokaci shekara guda, daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki albashin wadda ta faɗo tsakiyar layi. A yi wa maza haka nan, sannan a kwatanta biyun. A 2012 abin ya tsaya wajen kashi 77 cikin 100, a 2015 wajen 80, a 2022 ya kai 84. Wannan lissafi ba ya kwatanta malamar asibiti da malamin asibiti, ko injiniya mace da injiniya namiji. Kowa da kowa ne a jeri guda. Haka kuma matar da ta bar aiki ɗungum domin reno, ko ta koma aikin rabin yini, ba ta cikin lissafin sam.

Francine Blau da Lawrence Kahn (2017) sun ɗauki alƙaluman 2010 na albashin sa'a guda suka tarar mata na samun kusan kashi 79 na abin da maza ke samu. Da suka daidaita ilimi, daɗewa a aiki, irin sana'a da ɓangaren masana'anta, sai adadin ya hau zuwa kusan 92. Irin sana'ar da mutum yake yi da masana'antar da yake ciki su kaɗai sun ɗauki kusan rabin tazarar. Ragowar kashi 8 ɗin nan babu abin da ya bayyana shi cikin abubuwan da aka auna.

A nan ne kowace jam'iyya take yankar rabonta. 'Yan Democrat su riƙe 77 su yi magana kamar duk senti 23 ɗin ma'aikatu ne suka danne wa mata. 'Yan Republican su riƙe 92 su ce ashe tatsuniya ce, zaɓin mata ne ya kai su aikin koyarwa da jinya. Duka biyun sun zarce abin da binciken ya ce. Daidaita irin sana'a ba ya nufin an shiga sana'ar bisa zaɓi na ganin dama, domin idan an toshe wa mace ƙofar ƙarin girma, lissafin zai rubuta ta a matsayin mai ƙaramin muƙami ne kawai, ba zai tambayi dalili ba. Shelley Correll da abokan aikinta (2007) sun aika wa ma'aikatu takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, bambancin kawai a wasu an nuna mai neman uwa ce. Matan da ba a nuna suna da yara ba an kira su ninki biyu na iyayen. Mazan da aka nuna suna da yara kuwa ba su yi asarar komai ba.

3.0 Lilly Ledbetter da shigowar batun fagen kamfe

Lilly Ledbetter ta yi aiki a masana'antar taya ta Goodyear da ke Gadsden a jihar Alabama daga 1979 zuwa 1998. Gab da ajiye aikinta wani ya ajiye mata takarda marar suna ɗauke da albashin takwarorinta maza. Ita tana karɓar dala 3,727 a wata, mafi ƙarancin albashi cikin mazan 4,286, mafi yawa 5,236. Ta yi nasara a kotun farko, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, sannan a watan Mayun 2007 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ta makara. A fahimtar masu rinjaye, wanda Mai Shari'a Samuel Alito ya rubuta, wajibi ne a shigar da ƙorafi cikin kwana 180 daga ranar da aka yanke shawarar albashin, ko da ma'aikaciyar ba ta san an yanke ba. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ta karanta rashin amincewarta a bainar kotu, ta kuma yi kira ga majalisa ta gyara dokar.

Shari'ar ta faɗo a kan gaɓa, ana shirin zaɓen 2008. John McCain, ɗan takarar Republican, ya ƙi goyon bayan ƙudurin gyaran, yana cewa zai buɗe ƙofar ƙararraki, abin da mata ke buƙata shi ne ilimi da horo. Barack Obama, ɗan takarar Democrat, ya goyi baya, kuma ita ce doka ta farko da ya sa wa hannu, ranar 29 ga Janairu, 2009. Abin lura, duk sanatoci mata huɗu na Republican a lokacin sun jefa ƙuri'ar amincewa. Wani abin lurar kuma, dokar ba ta ƙara wa kowa ko sisi ba. Agogon shigar da ƙara kawai ta gyara, ta yadda kowane albashin da aka biya bisa son kai zai sabunta kwana 180 ɗin. Ita kanta Ledbetter ba ta samu diyyar komai ba. Amma daga nan sunanta ya zama abin gwajin ɗan takara. A watan Afrilun 2012 'yan jarida suka tambayi mataimakan Mitt Romney, mai neman shugabancin ƙasa a jam'iyyar Republican, ko yana goyon bayan dokar, suka ce za su waiwayo da amsa daga baya, wannan ɗan jinkiri ya zama labarin mako.

4.0 Daren Hofstra

A ganina babu inda matsalar ta fito sarai kamar muhawara ta biyu tsakanin Obama da Romney, ranar 16 ga Oktoba, 2012, a Jami'ar Hofstra da ke jihar New York. Wata matashiya daga cikin mahalarta ta tambayi yadda kowannensu zai magance rashin daidaito a wurin aiki, ta kawo adadin kashi 72.

Obama ya fara da mahaifiyarsa da ta rene shi ita kaɗai, ya koma kan kakarsa da ta kai mataimakiyar shugaban wani banki amma ta riƙa horar da mazan da daga baya suka zama shugabanninta, sannan ya zo kan dokar Ledbetter. Romney shi ma labarin kansa ya bayar. Ya ce da ya zama gwamnan Massachusetts ya ga duk sunayen da aka kawo masa na muƙamai maza ne, sai ya nemi ƙungiyoyin mata, suka kawo masa "fayil-fayil cike da mata". Kafin a tashi daga zauren maganar ta karaɗe intanet, ana ta zolaya. Washegari kuma aka gano cewa gamayyar ƙungiyoyin mata mai suna MassGAP ce ta shirya sunayen tun kafin a san wanda zai ci zaɓen gwamna. Ga suɓutar baki, ga zargin cin gumin wasu.

A duba abin da ya faru da tambayar. An yi ta ne a kan manufa, dukansu biyu suka amsa da tarihin rayuwa, wato kowa na cewa ku dube ni, ni mai mutunta mata ne. Masu sharhi su ma a kan wannan mizani suka yanke hukunci.

Sai dai akwai sashe na biyu na amsar Romney wanda aka fi yi wa dariya fiye da yadda aka saurare shi. Ya ce shugabar ma'aikatan ofishinsa tana da yara biyu a makaranta, ta gaya masa ba za ta iya kaiwa bakwai ko takwas na dare a ofis ba, tana so ta isa gida da ƙarfe biyar ta yi musu abinci, shi kuma ya amince da sassauta mata lokaci. Abokan hamayya suka ce ga shi nan, a tunaninsa mace 'yar kicin ce. Gaskiya ne yadda ya faɗa akwai tsohon tunani a ciki, domin bai kawo a ransa cewa uban yaran ma zai iya dawowa da biyar ba, kuma bai gabatar da wata doka ba. Amma a duk daren, wannan ce jimlar da ta fi kusa da abin da masana suka gano.

Wata goma sha biyar bayan haka, a Janairun 2014, Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard ta gabatar da jawabinta na shugabar Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Amurka a kan wannan gaɓa daidai. Ta nuna cewa mafi yawan tazarar da ta rage tana cikin sana'a ɗaya ne, kuma ta fi faɗi a ayyukan da ke biyan lada mai tsoka ga wanda zai yi dogayen sa'o'i a lokacin da aka ga dama a kira shi, irin su aikin lauya, harkar kuɗi da shugabancin kamfani. A irin waɗannan ayyuka wanda ya yi sa'a 60 a mako yakan samu fiye da ninki biyu na wanda ya yi 30. Idan ma'aurata suka haihu, ɗaya dole ya zama wanda za a kira daga makaranta idan yaro ya yi zazzaɓi. Iyalin sun fi samun kuɗi idan ɗaya ya sadaukar da kansa ga ofis ɗaya ya sassauta, kuma galibi matar ce ke sassautawa. Binciken da ta yi tare da Marianne Bertrand da Lawrence Katz (2010) a kan waɗanda suka yi digiri na biyu a harkar kasuwanci a Jami'ar Chicago ya nuna maza da mata suna fara aiki da albashi kusan ɗaya, bayan shekara goma zuwa sama tazara mai faɗi ta buɗe, kuma zuwan yara ne babban dalili. Ta kawo misalin masu haɗa magunguna, inda wani ke iya maye gurbin wani ba tare da mai saye ya damu ba. A wannan sana'a ladan sa'a ba ya canzawa sosai da yawan sa'o'i, tazarar kuma tana cikin mafi ƙanƙanta. Ko a Denmark, inda ake da hutun haihuwa mai albashi da gidajen reno, Henrik Kleven da abokansa sun samu cewa haihuwar fari na rage samun mace da wajen kashi 20 na tsawon lokaci, na namiji kuwa ba ya motsi. Goldin ta karɓi kyautar Nobel a 2023 saboda wannan fanni.

Wannan bayani ba shi da amfani a dandalin kamfe, domin babu mugu a cikinsa. Ba za a iya nuna abokin hamayya da yatsa a ce shi ya jawo ba.

5.0 Lissafin ofishin abokin hamayya

Daga 2014 sai wani salo ya yi ƙarfi. A jawabinsa na halin da ƙasa ke ciki a shekarar, Obama ya maimaita senti 77. Mark Perry na cibiyar American Enterprise Institute, mai ra'ayin mazan jiya, ya ɗauki jerin albashin ma'aikatan fadar White House ya yi masa irin lissafin Hukumar Ƙidaya, ya samu matan fadar na karɓar senti 88. Kakakin fadar, Jay Carney, ya kare kansu da cewa masu muƙami ɗaya albashinsu ɗaya ne, bambancin daga yadda aka rarrabu a muƙamai ne. Wannan ita ce hujjar da 'yan Republican suka daɗe suna bayarwa ana ce musu masu ƙin mata. A 2015 jaridar Washington Free Beacon ta ce Hillary Clinton ta biya matan ofishinta na sanata senti 72, mutanenta suka fito da wasu alƙaluman da suka nuna albashin tsakiya na maza da na mata daidai yake. A 2017 Perry ɗin nan dai ya auna fadar Donald Trump ya samu senti 63, sai waɗanda suka yi watsi da lissafinsa shekara uku baya suka rungume shi, waɗanda suka yi ta yayata shi kuma suka tuna cewa ba ya kwatanta aiki da aiki. Laifi tudu ne. A duk waɗannan, ba a neman sanin halin da ma'aikaciyar Amurka take ciki. Munafunci ake son kamawa.

A majalisa kuwa abin a tsaye yake cik. Ƙudurin Paycheck Fairness, wanda zai tsaurara hujjar da kamfani ke iya bayarwa a kan bambancin albashi ya kuma buɗe ƙofar diyya mai yawa, ya gaza samun ƙuri'a 60 da ake buƙata a Majalisar Dattawa a 2010, 2012, sau biyu a 2014, da kuma 2021. Mai lura zai ga huɗu daga cikin biyar ɗin a shekarar zaɓe aka kawo shi, kuma masu kawo shi sun san lissafin ƙuri'unsu.

6.0 Shi kansa halin

A muhawarar farko ta 2016 Clinton ta jero wa Trump tuhume-tuhume: ya kira mata aladu da karnuka, ya ce ciki matsala ce ga mai kamfani, ya ce mace za ta samu albashi daidai ne idan ta yi aiki mai kyau kamar namiji, ya ci mutuncin Alicia Machado, tsohuwar sarauniyar kyau. Albashi ya shiga jerin ne a matsayin laifi na uku cikin huɗu. Ranar 7 ga Oktoba jaridar Washington Post ta fito da faifan 2005 inda Trump ke alfahari da taɓa mata ba da yardarsu ba. McCain ya janye goyon bayansa. Ɗan majalisa Jason Chaffetz na Republican ya ce ba zai iya kallon idon 'yarsa mai shekara 15 ba idan ya ci gaba da goyon bayan mutumin, kafin wata ya ƙare ya sanar cewa shi zai zaɓa. Martanin Trump kuwa shi ne gayyato matan da suka zargi Bill Clinton, mijin Hillary, zuwa muhawara ta biyu a St. Louis.

Cibiyar PRRI ta tambayi Amurkawa ko jami'in da ya aikata alfasha a rayuwarsa ta ƙashin kai zai iya riƙe amanar ofis. A 2011 kashi 30 ne kawai na fararen fata mabiya tafarkin Ibanjelika suka ce zai iya. A Oktoban 2016 sun zama kashi 72, kuma wajen kashi 80 nasu Trump suka zaɓa. Waɗannan su ne jama'ar da babban taron cocin Southern Baptist ya yi magana da yawunsu a 1998, lokacin badaƙalar Shugaba Bill Clinton da Monica Lewinsky, inda ya zartar da ƙuduri a kan wajibcin kyawun hali ga shugabanni. A wannan shekarar dai Gloria Steinem, jagorar gwagwarmayar mata, ta rubuta maƙala a New York Times tana kare Bill Clinton. Aƙidar kowane ɓangare ta bi inda ɗan takararsa ya tsaya.

Ba a ce hali ba ya tasiri ko kaɗan ba. A Disambar 2017 Roy Moore ya faɗi zaɓen sanata a Alabama, jihar da Republican ba ta saba faɗuwa ba, bayan zarge-zargen neman 'yan mata masu ƙananan shekaru. Amma a zaɓen shugaban ƙasa, inda kujerun Kotun Ƙoli da haraji da batun zubar da ciki ke kan faifai, mai zaɓe na iya ƙyamar mutum ya kuma jefa masa ƙuri'a da saninsa. Kotu ta samu Trump da alhakin cin zarafin marubuciya E. Jean Carroll a 2023, aka same shi da laifuka 34 a New York a 2024, ya kuma ci zaɓe a Nuwamba. Haɗarin ɗaure batun albashi a jikin hali ke nan: duk wanda ya yanke shawarar yafe wa ɗan takararsa, sai ya haɗa da batun albashin ya yar.

7.0 Inda aka ɗan motsa

Gyare-gyaren da aka samu sun zo ne ta inda ba a tuhumar kowa. A Agustan 2016, ana tsakiyar kamfen Clinton da Trump, gwamnan Massachusetts Charlie Baker, ɗan Republican, ya sa hannu a dokar da majalisar jihar mai rinjayen Democrat ta zartar, wadda ta hana kamfani tambayar mai neman aiki albashinsa na baya kafin a yi masa tayi. Hikimar ita ce kada ƙarancin albashin wuri ɗaya ya bi mace har ritaya. Colorado ta wajabta rubuta iyakar albashi a tallan aiki daga 2021, wasu jihohi suka bi. A Disambar 2019 Trump, wanda gwamnatinsa ta dakatar da tattara bayanan albashi daga manyan kamfanoni a 2017, ya sa hannu a dokar kasafin tsaro da ta bai wa ma'aikatan tarayya hutun haihuwa na mako 12 da albashi. Sauran ma'aikatan ƙasar, a matakin tarayya, har yanzu dokar 1993 ce ke kansu, mako 12 babu albashi, shi ma ba kowa ya cancanta ba.

Ranar 10 ga Satumba, 2024, Hukumar Ƙidaya ta sanar cewa adadin ya sauko daga kashi 84 a 2022 zuwa 82.7 a 2023, koma-baya na farko mai ma'ana cikin shekara ashirin, saboda samun maza ya ƙaru da kashi 3, na mata da 1.5. A daren ranar Kamala Harris da Trump suka yi muhawararsu a Philadelphia. An yi tambaya kan tsadar rayuwa, zubar da ciki, baƙin haure, Gaza da Yukren, ba a yi kan albashin mata ba. Koma-bayan ya faru ne a mulkin Democrat, don haka ba abin da Harris za ta ɗaga ba ne, 'yan Republican kuwa ba za su kafa hujja da adadin da suka shafe shekaru suna ce wa tatsuniya ba.